Tiyatar hanji a jikin doki: Abin da ke biyo baya

A masarautar Rano, wadda ta haɗa da ƙananan hukumomin Rano da Kibiya da Bunkure tun shekarar 2024, doki dukiya ne kuma ado ne na hawan sallah. Ciwon ciki na cikin manyan cututtukan da ke kashe shi.

Doki ba ya iya amai, tumbinsa kuma ƙarami ne, bai wuce ya ɗauki lita 15 ba. Don haka idan hanji ya toshe ko ya murɗe, sakamakon cin hatsi da yawa lokaci guda, ko ƙishirwa, ko haɗiye yashi da leda, dabbar kan iya mutuwa cikin sa'o'i.

Akasarin ciwon cikin magani ne ke warkar da shi. Amma idan wani ɓangare na hanji ya mutu, sai an yanke shi an haɗe sauran. Irin wannan aiki na bukatar babban asibiti, kamar asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.

Narkar da abinci

Ƙaramin hanjin doki ya kai kimanin mita 20, kuma a nan ne jiki ke tsotse amfanin hatsi. Likitocin dabbobi sun gano cewa doki kan jure rasa kusan rabinsa. Idan abin ya zarce haka, sai rama da gudawa su biyo baya, komai yawan geron da aka zuba masa.

Babban hanji kuwa shi ne ke narkar da ciyawa da harawa. Dokin da aka cire wa mafi yawansa kan yi kashi mai ruwa, kuma yana bukatar harawa mai kyau, kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini.

A kwanakin farko hanjin kan daina motsi, daga baya kuma yakan manne da juna, ciwon ya dawo. Ɗinkin cikin ma kan iya buɗewa.

Dalili ke nan da ya sa ake hutar da dokin kimanin wata uku kafin a ɗora masa sirdi. Wanda aka yi wa aiki a cikin azumi ba zai fita hawan ƙaramar sallah ba, ta babbar ma da wuya.