2.4 Tarihin Dokar Kare Haƙƙin Naƙasassu a Nijeriya

A wannan sashe za a dubi yadda al'amarin naƙasassu ya tashi daga hannun masu sadaka ya koma hannun doka. A ƙasar Hausa tun zamanin da, makafi da kutare da guragu suna da sarakunansu waɗanda ke shiga tsakaninsu da fada. Amma wannan tsari bai ba su wani haƙƙi da za su iya nema a gaban alƙali ba, sai dai abin da tausayi ya kawo.

A shekarar 1993 gwamnatin soja ta fitar da doka a kan naƙasassu, sai dai ba ta wuce takarda ba. Shi ma tsarin mulkin 1999, a sashe na 42 da ya hana nuna bambanci saboda ƙabila ko addini ko jinsi, bai ambaci naƙasa ba.

Abin da ya motsa maganar shi ne yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006, wadda Nijeriya ta sa wa hannu a 2007, ta kuma tabbatar da ita a 2010. Duk da haka, sau biyu Majalisar Tarayya tana zartar da ƙudurin, Shugaba Goodluck Jonathan bai rattaba masa hannu ba. Sai a watan Janairun 2019 ne Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu.

Dokar ta yanke wa mutumin da ya nuna wa naƙasasshe wariya tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida, kamfani kuwa naira miliyan ɗaya. Har ila yau, ta ware masu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta kuma hana a yi amfani da su wajen bara. A ganin mai wannan bincike, sashen da ya fi nauyi shi ne na gine-gine, domin gurgun da aka ɗauka aiki a bene na uku, ba hanyar da kekensa zai bi, tamkar ba a ɗauke shi ba ne. An ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a, aka kuma kafa hukumar kula da naƙasassu ta ƙasa a 2020 don sa ido. Wa'adin ya cika a Janairun 2024 alhali ofisoshi da makarantu da yawa ba su da hanyar shiga sai matakala.