"Malam, Hau In Gani"

Lokacin da aka kai ni koyon gyaran keke a unguwar Nasarawa ta Kaduna, masaƙun Kakuri suna kan ganiyarsu. KTL tun 1957 take aiki, ga UNTL, ga Arewa Textiles, kuma da yawa daga ma'aikatansu a unguwarmu suke haya. In lokacin canjin aiki ya yi, sai hanya ta cika da baƙaƙen kekunan Rali, ƙararrawa ta ko'ina.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, ko faci kawai ya yi wa mutum ba ya sallamarsa sai ya ce, "Malam, hau in gani." Sai ya koma baya ya zuba wa ƙugun mutumin ido. In ƙugu yana karkata dama da hagu duk juyin feda, sirdi ya yi sama. In gwiwa tana tasowa kamar za ta taɓa ciki, ya yi ƙasa, kuma ƙasan baya ne zai lanƙwashe ya ɗauki nauyin. Awonsa ɗaya ne: ka ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ƙafarka ta miƙe daidai, ba tare da ka karkace ba. Daga nan sai sifana. Bai taɓa karɓar ko kwabo a kan wannan ba.

Ita kanta Rali tana tausaya wa baya. Tayarta inci 28, sirdin fata mai sifirin, kanta kuma ya lanƙwaso wajen mahayi, mutum ya zauna a miƙe kamar kan doki. Phoenix ta ƙasar Sin ma wannan ƙirar ta bi.

KTL ta rufe a 2002, UNTL a 2007. Acaɓa ta cika gari, yawancin abokan sana'armu suka koma gyaran babur, sanin daidaita sirdi ya tafi tare da su.

Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, keke ya dawo, amma ba irin wanda muka saba ba. Na gwanjo ne mai giya, kansa miƙaƙƙe kuma can ƙasa. Girma-girma ake ƙera su, daidai da tsayin mahayi, sai dai mai saye farashi da fenti yake dubawa. Za ka ga dogo a takure kan na yara, gajere kuma yana miƙa hannu da ƙyar. Haka zai tafi a sunkuye har cikin gari ya dawo, duk ramin da ya faɗa a kwankwaso zai ji shi. Abin yana damuna, domin sai a ce keke ne ke kawo ciwon baya, alhali sirdi ne ba a daidaita ba, ko bakinsa ya ɗaga sama, ko kan keken na bukatar ɗagawa kaɗan. In za a ɗaga, kada a wuce alamar da ke jikin ƙarfen, yana iya karyewa. Keken da ya yi maka kaɗan kuwa, sifana ba ta da maganinsa, canja shi za ka yi.

Ciwon da yake sauka ƙafa, ko ƙafa tana mutuwa, wannan na asibiti ne, kar a tsaya wurinmu.

'Yan'uwana masu gyara, musamman yaran da ke tasowa, don Allah kafin ku sallami mutum ku ce ya hau ku gani.