Son Maso Wani a Waƙoƙin Napoli

A tsofaffin waƙoƙin Napoli, babban birnin kudancin Italiya, akwai mutumin da ake yawan cin karo da shi: saurayi tsaye da tsakar dare ƙarƙashin tagar da aka rufe, yana rera wa wadda ba za ta leƙo ba. A waƙar "Voce 'e notte" da Edoardo Nicolardi ya rubuta a farkon ƙarni na 20, yarinyar ma an aurar da ita, tana kwance kusa da mijinta, shi kuwa yana roƙonta ta yi kamar tana barci. Hausawa sun ce son maso wani ƙoshin wahala, kuma mawaƙan Napoli sun fi shekara ɗari suna tona wannan wahala. Abin da na gamsu da shi shi ne, tarihin garin ne ya ba wa wannan bege nauyinsa.

Da aka haɗe Italiya a 1861, Napoli ta tashi daga fadar sarauta ta koma birnin lardi. Kwalarar 1884 ta kashe dubbai a lungunan talakawa. Daga nan tashar jiragen ruwanta ta zama ƙofar da miliyoyin mutanen kudu suka bi zuwa ci-rani a Amurka, Ajantina da Barazil, suka bar mata da 'yan matan da aka sa wa rana. A waɗannan shekaru ne waƙoƙin Napoli suka kai ƙololuwa. "Core 'ngrato", kukan wanda masoyiyarsa Catarì ta yi wa butulci, a New York aka yi ta a 1911: Riccardo Cordiferro ya rubuta, Salvatore Cardillo ya sa kiɗa, Enrico Caruso, haifaffen Napoli, ya kai ta duniya a faifan garmaho. A 1919 E. A. Mario ya rubuta "Santa Lucia luntana", inda Napoli kanta ta zama abin begen masu tafiya a jirgi.

Wasu za su ce kasuwanci ne kawai: masu ɗab'i irin su Bideri suna buga takardun waƙa don bikin Piedigrotta na watan Satumba, sun gane hawaye na kawo kuɗi. Gaskiya ne an ci riba, amma ɗan kasuwa ba ya iya sayar wa mutane ciwon da ba su da shi. Wasu kuma za su tuna cewa "Te voglio bene assaje", kukan wanda ba a damu da shi ba, ta fito tun shekarun 1830, kafin ƙaurar. Wannan ma haka ne, jigon tsoho ne. Abin da ƙaura ta yi shi ne ta samar masa masu sauraro da rabuwa ta zame musu rayuwar yau da kullum, shi ya sa lebura ɗan ci-rani a unguwar Buruklin ta New York ya ji labarinsa a bakin saurayin da aka ƙi.