Ƙungiyar Allegheny: Yadda Attajirai da 'Yan Siyasa Suka Farfaɗo da Tsakiyar Birnin Pittsburgh

Birnin Pittsburgh, da ke jihar Pennsylvania ta Amurka, yana zaune ne a mahaɗar koguna. Kogin Allegheny da Kogin Monongahela suna haɗuwa a bakin birnin su zama Kogin Ohio, kuma a tsinin ƙasar da ke tsakaninsu ne kasuwanci da ofisoshi suka taru. Ƙarfe ne ya ɗaukaka garin, shi ne kuma ya kusa kashe shi. Masana'antu da jiragen ƙasa da gidajen jama'a duk gawayin kwal suke ƙonawa, har takan kai a kunna fitilun titi da rana tsaka saboda duhun hayaƙi. Ga kuma ambaliya. A watan Maris na 1936 ruwa ya kai tsayin ƙafa 46 a mahaɗar kogunan, ya mamaye tsakiyar birnin.

Ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu manyan garin suka fara hango abin da zai biyo baya. Darajar gine-gine tana faɗuwa, wasu kamfanoni kuma suna shawarar kwashe hedikwatarsu su koma wani gari. A 1943 aka fara zama, a 1944 aka yi wa ƙungiyar rajista da sunan Allegheny Conference on Community Development, a matsayin ƙungiya mai zaman kanta wadda ba ta neman riba. Robert Doherty, shugaban Kwalejin Fasaha ta Carnegie, shi ya fara jagorantarta. Amma ƙashin bayanta Richard King Mellon ne, magajin gidan Mellon, iyalin da ke da banki da kuma hannun jari mai yawa a kamfanonin Gulf Oil da Alcoa.

Ƙa'ida ɗaya ta bambanta wannan ƙungiya da sauran takwarorinta: shugaban kamfani shi da kansa zai zauna a kwamitin zartarwa, ba a karɓar wakili. Saboda haka duk abin da aka yanke a zaure, wanda ke da ikon sa hannu ne ya yanke shi, babu zancen sai an koma an tambayo maigida.

Kuɗi kaɗai ba ya kafa doka. A 1945 aka zaɓi David Lawrence magajin gari. Shi ɗan jam'iyyar Democrat ne, mai ƙarfi a cikin ma'aikata, Mellon kuwa ɗan Republican ne. Ba abokai ba ne, amma kowa ya san abin da ɗan'uwansa ke riƙe da shi. Lawrence yana da ƙuri'a da majalisar birni, Mellon yana da kunnen kamfanoni da na gwamnatin jiha. Ƙungiyar ta ɗauki aikin bincike da tsara shiri da shawo kan masu jari, gwamnati kuma ta ɗauki kafa doka da karɓar filaye.

Da hayaƙi aka fara. Tun 1941 birnin yana da dokar hana shi, amma yaƙi ya sa aka jingine ta. An soma aiwatar da ita a kan masana'antu a 1946, a kan gidaje kuma a 1947. Talakawa sun koka, domin makamashi mai tsabta ya fi kwal tsada, sai dai Lawrence bai janye ba. Jiragen ƙasa suka koma dizal, gidaje suka koma iskar gas, cikin 'yan shekaru sararin sama ya washe. Ta ɓangaren ambaliya kuma, ƙungiyar ta mara wa aikin gina madatsun ruwa a saman kogunan baya.

Daga nan aka shiga gini. A 1946 aka kafa hukumar sake fasalin birni, Lawrence ya shugabance ta. Tsinin mahaɗar kogunan, wanda ya cika da tsofaffin ɗakunan ajiya da layukan dogo, aka share shi aka mai da eka 36 filin shaƙatawa na Point State Park. Kusa da shi kamfanin inshora na Equitable Life ya zuba jari a rukunin ofisoshin Gateway Center. A 1955 aka buɗe Mellon Square, lambu a sama, wurin ajiye motoci a ƙarƙashinsa. Garuruwa da dama na Amurka sun riƙa turo wakilai su zo su ga yadda aka yi.

Sai dai ba kowa ne ya ci moriyar wannan gyara ba. Dab da tsakiyar birnin akwai unguwar Hill District, cibiyar baƙar fata, wadda ta yi suna a kiɗan jazz, kuma a nan aka haifi marubucin wasan kwaikwayo August Wilson. Daga tsakiyar shekarun 1950 aka rushe ƙasan unguwar domin gina babban zauren Civic Arena, wanda aka buɗe a 1961. Mutane kusan 8,000 aka tayar, tare da ɗaruruwan shaguna. Ba a zauna da su ba kafin a zana taswira, kuma da yawansu sun ƙare a cunkushe a wasu unguwannin. A wurinsu wannan gyaran gangar Auzinawa ne. Daga baya mazauna unguwar suka kafa babban allo a titin Crawford suna gargaɗin cewa rusau ya tsaya nan. Bayan wata tarzoma da ta ɓarke a birnin a 1968, ƙungiyar ta juya ga samar wa baƙar fata aikin yi da rancen sana'a da gyaran gidaje, amma unguwar ba ta koma yadda take ba. Shi kansa zauren an rushe shi tsakanin 2011 da 2012.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo a farkon shekarun 1980, lokacin da masana'antun ƙarfe suka riƙa rufewa, dubun dubatar ma'aikata suka rasa abin yi. A 1985 ƙungiyar ta taimaka wajen haɗa magajin gari Richard Caliguiri da hukumar gundumar Allegheny da jami'o'in Pittsburgh da Carnegie Mellon a kan shiri guda mai suna Strategy 21, suka je wa gwamnatin jiha da murya ɗaya. Sabon ginin filin jirgin sama da aka buɗe a 1992 yana cikin abubuwan da shirin ya nema. Ƙungiyar ta kuma goyi bayan ƙarin harajin kashi 1 cikin 100 a kan cinikayya, wanda ya fara aiki a 1994, ana ware rabinsa domin ɗakunan karatu da wuraren shaƙatawa da gidajen tarihi. A hankali asibitoci da jami'o'i da kamfanonin kwamfuta suka maye gurbin ƙarfe. A 2009 birnin ya karɓi baƙuncin taron ƙasashen G20.

A yau ƙungiyar tana aiki a gundumomi 10 na kudu maso yammacin Pennsylvania, tare da zauren 'yan kasuwa na yankin. Ba ta iya mayar da mutanen da suka tafi ba: daga fiye da 676,000 a 1950, yawan mazauna birnin ya koma kimanin 303,000 a 2020. Amma ta hana tsakiyarsa mutuwa. Ta yi nasara a duk inda ta zaunar da masu kuɗi da masu mulki a zaure ɗaya, ta kuma yi ɓarna a inda ta bar masu unguwa a waje.