Daga Rediyon Umdurman Zuwa Allon Silima

Mu da muke ta gardama kan rawa da waƙa a finafinan Kano, ya kamata mu leƙa Sudan, inda waƙa ce ta goya fim tun yana jariri.

Murya ce ta fara zuwa. An buɗe gidan rediyon Umdurman a 1940, ba a daɗe ba aka ji mace ta farko tana rera waƙa a cikinsa, wato A'isha Falatiya, 'yar mutanenmu da suka yada zango a hanyar Makka. A lokacin silimun Kartum, irin su Coliseum, finafinan Masar da na Turawa suke haskawa. Sashen fim na gwamnatin mulkin mallaka kuwa labarai da faɗakarwa ya sa gaba.

A wannan sashen Jadallah Jubara ya yi aikin riƙe kyamara. A 1955, ana saura shekara guda a sami 'yancin kai, ya fito da ɗan gajeren fim mai launi, *Aghani al-Khartoum*, wato waƙoƙin Kartum. Bai kai minti ashirin ba, kuma ba wani labari a ciki. Muryar mawaƙi Hassan Atiya ce ke jan ragama, kyamara na biye da ita kan tituna da wuraren shaƙatawa na dare, ga 'yan birni an ci ado. Wani zai ce tallar gari ce kawai. Haka ne, amma tallar da ta yi kyau.

Da Jubara ya kafa ɗakin shirya fim nasa, Studio Gad, ya tashi yin dogon fim a ƙarshen shekarun 1970, sai ya ɗauko tsohon labarin soyayyar Tajuj na gabashin ƙasar, ya ba mawaƙi babban matsayi. Mawaƙin, Salah ibn al-Badiya, ɗan gidan shehunan ɗariƙa ne, cikin bege ya tashi. Sunan nan ma na aro ne, ya laƙaba wa kansa don kada gida su gane shi ne a rediyo. Ka ga ikon Allah: wanda ya ɓoye suna, ga fuskarsa ta cika allo.

Bayan juyin mulkin 1989 silimu suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Jubara ya makance amma bai ajiye aiki ba, 'yarsa Sara ta zama idonsa. A 2008 hukuma ta rushe Studio Gad, a shekarar kuma ya rasu.