Gandun Kiwon King: Wa Ya Gina Shi?

Fina-finan kaboyi sun saba mana da labarin Bature ɗaya da dokinsa da bindigarsa yana mayar da dajin Texas makiyaya. Tarihin gandun kiwon King bai goyi bayan wannan labari ba. Richard King, wanda ya kafa shi a 1853 a bakin rafin Santa Gertrudis, matuƙin jirgin ruwa ne a kogin Rio Grande. Kuɗi dai yana da su, amma kiwo ba sana'arsa ba ce. Ya fara da eka 15,500 da ya saya dala 300. A 1854 fari ya addabi arewacin Meziko, sai ya je ƙauyen Cruillas ya saye shanunsu, sannan ya nemi masu shanun su biyo shi, tunda ya raba su da abin dogaronsu. Suka taso da iyalansu. Su ne ake kira Kineños, wato mutanen King, kuma su suka zo da sanin kora garke a kan doki, da kama sa da igiya, da horar da dawaki. Zuriyarsu na aiki a gandun har yau.

Wani zai ce ai hangen nesan King ne ya haɗa waɗannan mutane da wannan ƙasa. Ba a musun haka, sai dai hangen nesa ba ya sayen fili. Jarin ya ƙaru ne lokacin yaƙin basasar Amurka, sa'ad da King yake safarar audugar 'yan Kudu zuwa Matamoros ta Meziko don kauce wa takunkumin 'yan Arewa. Da ya rasu a 1885 kuwa, ya bar eka sama da 600,000 da tulin bashi, wanda ya faɗa kan matarsa Henrietta da surukinsu Robert Kleberg. A hannunsu aka haƙa rijiyar burtsatse a 1899, a yankin da fari ke kashe dabbobi, jirgin ƙasa ya iso a 1904, garin Kingsville ya kafu. Hayar haƙar man fetur ta 1933 ta taimaka wajen sauke nauyin bashi, a 1940 kuma gwamnati ta amince da shanun Santa Gertrudis, barbarar Brahman da Shorthorn, a matsayin sabon iri. Yau gandun ya kai eka 825,000, kuma mafi yawan abin da ya tsayar da shi da ƙafafunsa an yi shi ne bayan mutuwar mai sunan.