Wadi Halfa: Garin da Ruwa ya Ci, da Abin da ya Iso Khartum

Hajj Yusuf, da ke gabas da Bahri, ƙetaren kogi daga Khartum da Umdurman, gari ne na baƙi. Hausawa da Fulani da Barebari, jikokin mahajjatan da tafiya ta tsaya musu a Sudan, sun cakuɗe a nan da mutanen Darfur da na duwatsun Nuba da na kudu. Kowa a Suƙ Sitta yana da garin da ya baro. Sai dai akwai wasu mutanen Sudan da nasu garin ba ya nan ko kaɗan, domin yana ƙarƙashin ruwa. Su ne Nubiyawan tsohuwar Wadi Halfa.

Halfa tana can ƙarshen arewa, bakin iyakar Masar. Daga nan Turawan Ingila suka shimfiɗa layin dogo ya ratsa hamada zuwa Abu Hamad a 1897, a nan kuma a da jirgin ƙasa yake haɗuwa da jirgin ruwan da ke zuwa Shallal kusa da Aswan. Kafin ruwa ya ci shi, gari ne na dabino da ma'aikatan reluwe, ga Otal ɗin Nilu a bakin ruwa, ga masallacin Taufiƙiyya da doguwar hasumiyarsa. Gidajen ƙauyukan kewaye na ƙasa ne, masu faɗin tsakar gida, ana ƙawata ƙofar gida da zane, a liƙa farantan tangaran a jikin bango. Kudu da garin kuwa kogi yake ratsa ƙasar Batn al-Hajar, inda Nilu ke kutsawa tsakanin baƙaƙen duwatsu da tsibirai. A Samna kwazazzabon ya matse ƙwarai, har fir'aunoni suka gina ganuwa biyu suna kallon juna, Samna a yamma, Kumma a gabas, suka riƙa sassaƙa iyakar cikar kogi a jikin dutse.

A 1959 gwamnatin Janar Ibrahim Abbud ta ƙulla yarjejeniyar rabon ruwan Nilu da Masar, ta amince da gina babbar madatsar Aswan wadda ruwanta zai ci Halfa, ta karɓi diyyar fam miliyan 15. Aka tambayi mutanen Halfa inda suke so a mai da su, akasarinsu suka zaɓi kudancin Khartum. Gwamnati ta yi biris, ta ce sai Khashm al-Girba a bakin kogin Atbara. A watan Oktoba na 1960 gari ya rikice da zanga-zanga, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Ranar 6 ga Janairu, 1964, jirgin ƙasa na farko ya kwashi mutanen ƙauyen Faras. Kimanin mutum 50,000 aka kai yankin Khashm al-Girba, wurin da aka raɗa wa suna Sabuwar Halfa, aka zuba su a ƙauyuka masu lamba maimakon suna, a gidaje masu rufin asbestos, a ƙasar da ruwan sama ke zuba, su da suka tashi ba su san damina ba. Wanda ya san yadda dam ɗin Kainji ya ci tsohuwar Bussa a 1968 ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Duwatsu dai sun sami masu ceto. Bayan kiran da UNESCO ta yi a 1960, masana suka yi ta tururuwa. Bajamushe Friedrich Hinkel ya jagoranci kwance haikalin Buhen da na Samna da na Kumma, dutse bayan dutse, kowanne da lambarsa, aka ɗauko su ta ruwa da ta dogo, aka sake ɗora su a harabar Gidan Tarihi na Ƙasa da aka buɗe a Khartum a 1971. A Faras, ayarin Kazimierz Michałowski na Poland ya tono wata tsohuwar majami'a daga cikin rairayi, ya ɓamɓaro zane-zane fiye da 120 daga bangonta, aka raba tsakanin Khartum da Warsaw. Ganuwar Buhen kuwa ta tubalin ƙasa ce, ba ta ɗaukuwa. Bayan kusan shekara 4,000 a tsaye, ruwa ya narkar da ita.

A ganina, aikin da ya fi waɗannan nauyi shi ne na Hassan Dafalla, jami'in da aka ɗora wa kwashe mutanen. Aikinsa ƙirga gidaje da itatuwan dabino don biyan diyya, amma bai tsaya nan ba. Ya rubuta yadda ake aure da biki da binne mamaci, da yadda mutane suka yi ta ziyartar maƙabartu kafin su hau jirgi. Shi ne kuma ya tsaya aka tono ƙasusuwan Usman Digna, kwamandan Mahadi da ya rasu a Halfa a 1926, aka mai da su gabashin Sudan. Littafinsa ya fito a 1975, bayan rasuwarsa. Irin wannan rubutu Hajj Yusuf ma ta ɗan samu: Catherine Miller da Al-Amin Abu-Manga sun bi unguwar Takamul gida-gida suna nazarin harsunan mazaunanta, suka wallafa a 1992.

Wasu iyalai sun ƙi tashi daga Halfa. Ruwa na matsowa suna ja da baya kan tudu, har suka kafa Wadi Halfar da ake da ita yau. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ranar 15 ga Afrilu, 2023, can mutanen Khartum da Bahri da Umdurman suka yi cincirindo, suna kwana a makarantu da masallatai suna jiran bizar Masar. Gidan Tarihin kuwa ya faɗa hannun dakarun RSF. Da sojoji suka sake kama tsakiyar Khartum a watan Maris na 2025, an tarar an fasa akwatunan gilashi, an wawushe zinariya da ƙananan kayan tarihi. Haikalan Buhen da Samna da Kumma suna nan a harabar, don ba su ɗaukuwa a bayan mota.